Watan da Baffa Isiyaku Ya Ce Ya Gani

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baffa Isiyaku, yayan mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Wannan kaɗai nake da tabbacinsa. Sauran bayanin daga bakin mutum uku na same shi: mahaifiyata, da limaminmu na yanzu a ƙasar Toranke, da Jauro Buba, wani makiyayi. Ko shekarar da abin ya faru ba su daidaita a kanta ba, ni kuwa ina makarantar kwana a lokacin.

Ga abin da suka haɗu a kai. Ran ashirin da tara ga Sha'aban, bayan magariba, Baffa da Jauro suka shaida wa liman na wancan zamani cewa sun ga jinjirin wata. Ƙauyenmu ya tashi da azumi, mutanen Gaya kuwa suka cika Sha'aban talatin. Da namu suka yi azumi talatin aka fita duba, sama garau, babu wata. Hukuncin sananne ne wajen malamanmu: in haka ta faru, an ƙaryata shaidun biyu. Aka ƙara azumi ɗaya. Ba wanda ya zagi Baffa. Ba a dai sake neman shaidarsa ba, ko a ɗaurin aure, har ya koma ga Allah.

Rediyo ɗaya ce a ƙauyen, a zaurensa take. Ana raɗe-raɗin wata tashar ƙasashen gabas ya kama, inda rana ke riga tamu faɗuwa, ya ji sanarwar ganin wata, ya mai da ji gani. Mahaifiyata ta rantse batirin ya mutu tun kaka. Amma mahaifiyata ba ta shiga zauren.

Na ce da Jauro, "Baba, kai da idonka ka gani?"

Ya ce, "Kai ɗan boko! Idon da ke tsamo saniyata cikin ɗari kake tuhuma? Malam Isiyaku ya nuna da yatsa, na duba, na ce haka ne."

Wannan amsa ta fi raɗe-raɗin tayar mini da hankali.

A jami'a na roƙi wani malamin lissafi ya duba mini jadawalin tsayuwar wata. In shekarar da mahaifiyata ta faɗa ce, ganin yana yiwuwa, ko da yake hakan bai bayyana ɓatansa bayan kwana talatin ba. In ta liman ce, watan ko haihuwarsa ba a yi ba. Yau sanarwar rediyo muke jira, wasu abokaina ma cewa suke a koma lissafi kacokan. Ina jin da Baffa zai ce musu gani ya kori ji, amma a bakinsa karin maganar nan ta zama abin tuhuma.

'Ya'yansa, waɗanda har yanzu ake yi wa gugar zana duk Sha'aban, su suka roƙe ni in wanke sunansa a jarida. Na shaida gonarsa ba ta taɓa cin iyakar kowa ba. Abin da suka nema kuwa na kasa ba su. Baffa ganin watan nan ya yi, ko jinsa?