Shamuwa a Tsamiyar Gidan Kulle

Muna idar da sallar asuba muka bar Jega, mu uku: ni, da tafinta, da wani Bature da hakimi ya ce in raka. Ba haraji ya kawo shi ba, tsuntsaye yake kallo. Aikina in faɗi sunan kowanne, in rubuta masa da ajami. Dokinsa ma ya bari, wai ƙarar kofato na korar tsuntsu, sai muka kama hanyar Aliero a ƙasa.

Bazara ce, kafin hantsi rigata ta jiƙe. A fadama mun ga zalɓe tsaye kamar mai jiran liman, da gauraki biyu, da carki a bayan shanun Fulani. Matan rugar suka ba mu fura da nono. Baturen ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya shanye. Yana rataye da wani madubi mai ido biyu da ke jawo nesa kusa. Duk inda ya ɗaga shi, masu sharar gona sai su daina aiki su bi mu da ido.

Gab da azahar muka iso wani ƙauye. Shamuwa ta sauka, ta farko a bana, tana ɗaura sheƙa a kan tsamiyar da ke tsakiyar wani gida. Kafin in yi magana Baturen ya haye suri a jikin danga, ya ɗaga madubinsa. Gidan kulle ne, kuma a gindin tsamiyar ake daka.

Maigidan ya fito da gatari a kafaɗa, maza suka taru a bayansa.

"Malam," ya ce mini, "mi wanga Annasara ka biɗa ga iyalina?"

Tafinta ya yi kamar bai ji ba. Kowa a wurin ya san abin da ke samun garin da aka taɓa Bature a cikinsa, kuma ni na kawo shi. Na roƙa a ba maigidan madubin. Baturen ya daɗe yana duban gatarin, sannan ya miƙa.

Maigidan ya hau surin, ya duba sama. "Subhanallahi! Har karan da ke bakinta." Na saki numfashi. Sai ya sauke madubin sannu a hankali, zuwa cikin gida.

"Ga uwargida nan kuma," ya ce. "Har tsagar huskarta."

Ƙarar taɓarya kawai ake ji. Ni dai Hasbunallahu nake ta ja a zuci.

Can maigidan ya ɗaga murya ya ce mata su shige ɗaki. Daka ya tsaya. Ya juyo wurin tafinta: "Gaya mishi shamuwa baƙuwar kowa ta, shi duba. Amma da hannuna."

Haka aka yi. Baturen na kallo, maigidan ya tallafe madubin da tafin hannunsa daga ƙasa, yana tura shi sama, gatarin na ɗaya hannun, har Baturen ya gama.

Aliero da muka yi niyya, muka fasa. Mun shigo Jega ana kiran magariba. Alhamdu lillahi da ba a zubar da jini ba. Baturen baƙo ne, bai sani ba. Ni na sani. Na san sunan kowane tsuntsu a ƙasar nan, amma na tsaya a bayan gidan mutum ban fara zagayawa ƙofa na yi sallama ba.