Zumar da Muka Ba Kaka

Bazara ce, irin wadda kogin Wudil yake janyewa ya bar farin yashi, mutum ya sha ruwa kamar bai sha ba. A shekarar na rame ƙwarai, ina ta ɗora wa zafi laifi. Babbar 'yata kuwa kullum tana dama min kunu da zuma, wai in yi ƙarfi. Sai da ƙaya ta soke ni a tafin ƙafa, wata guda wurin bai kame ba, sannan na yarda ta kai ni asibiti.

Da aka auna jinina, likita ya ce, "Mama, a danginku akwai mai ciwon suga?"

Na ce, "Babu, ɗan nan. Mu da muka tashi a Dagumawa, ina muka ga suga?"

Bai yi dariya ba. Ya shiga jero min alamu: ƙishirwa, yawan fitsari, rama, ciwo ya ƙi warkewa, har kiyashi su riƙa bin inda mutum ya tsuguna. Yana ambaton kiyashi sai na tafi tunani. Ba kaina na tuna ba, kakata na tuna.

Ni ce 'yar ɗakinta. Randarta tana kusurwa a kan jiƙaƙƙen yashi, moɗa a kife a baki. Sau uku nake cika ta a yini, amma sai ta ce, "Ƙawata, randar nan ta huje ne, ko ke ce marowaciya?" Makewayinta kuwa baƙi ƙirin da kiyashi. Ina barbaɗa toka, mu yara muna tsokanarta wai Kaka zaƙi gare ta. Da ta fara ramewa, Baba ba ya dawowa daga kasuwar Juma'a sai da goran zuma. Ni nake zuba mata a fura, in lashe ludayin. Daga baya fartanya ta sare ta a yatsa, wurin ya zama gyambo, har yau ina jin warin ɗakin. Kafin ruwan fari ya sauka muka rasa ta. Muka ce kwana ne ya ƙare, kuma hakan ne.

Likita ya miƙo takardar magani. Da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya: insulin. Ya ce allura ce, kullum, kuma da hannuna.

Na ce, "Ni da allurar ɗinki kawai na sani? Babu ƙwaya?"

Ya ce, "Mama, ƙafar nan nake so mu tsira da ita."

'Yata ta fita karɓo maganin, sai na rage murya na ce, "Mai wannan ciwon, in ana ba shi zuma fa?"

Ya ce, "Ai an zuba wa wuta kananzir ke nan."

Innalillahi. Shekara arba'in ina alfahari ni na yi jinyar Kaka.

Malamar asibiti ta koya min yadda ake yi, ta ce maganin ba ya son zafi. Na ce ba mu da firji. Ta ce, "Randa fa, kina da ita?"

Washegari na ciro 'yar kwalbar maganin daga gwangwanin da na binne a yashin gindin randata. Na yi bisimilla, na tattaro fatar cikina, na soka. Sai ga 'yata da kunu, kwalbar zuma a ɗaya hannun. Na karɓi kunun, na ce ta ajiye zumar, likita ya ce a ɗan dakata. Iyakar abin da na gaya mata ke nan. Wannan kayan, ni kaɗai ma na isa ɗauka.