Macijin Mahbuba

Ranar da Inuwa ya tare a ɗakinmu na unguwar Utaiqa a Riyadh, a ƙarshen 2018, ya shigo da katifa a kafaɗa da jaka ɗaya, sai wani akwati da ya lulluɓe da bargo. Na ɗauka talabijin ce, har na fara share mata wuri. Da ya yaye bargon sai ga akwatin gilashi, a ciki maciji kwance abinsa, baƙi wuluk da zobba farare tun daga wuya har wutsiya. Tamimu, abokin zamana, bai tsaya neman takalmi ba. A bakin titi na same shi.

"Wallahi ba ya da dafi," in ji Inuwa, shi ma yana can nesa da akwatin. "Sarkin macizai ake ce masa, 'yan'uwansa macizai yake ci. Ba nawa ba ne, Malam Kamilu, ajiya ce."

Mutumin ƙasar Gumel ne, dogo, marar yawan magana, irin mutanen nan da sai sun gama shan shayi kake tuna suna ɗakin. A ƙauyensu ya taso, inda in aka ga maciji ba a tambayar sunansa, sanda ake nema. Ya daɗe a Riyadh yana tuƙa motar gidan kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, har ya samu ya kawo matarsa Ruƙayyatu. 'Yarsu ɗaya, Mahbuba, a nan aka haife ta. Larabci a bakinta ba ka bambanta shi da na 'yan gari, Hausarta kuwa sai dai a yi haƙuri. Shi kuma Larabcinsa na titi ne, na "yalla" da "mafi mushkila". Uba da 'ya suna gida ɗaya, hirarsu ba ta wuce kin ci abinci, na ci.

Macijin na ɗan kafilin ne. Ya saya, ya yi marmarinsa ya gama, ya ce wa Inuwa ya kai kasuwar tsuntsaye ya ba duk wanda yake so. Inuwa ya biya ta gida da niyyar wucewa bayan la'asar, Mahbuba ta leƙa bayan mota, shi ke nan magana ta ƙare. Ta sa masa suna Sukkar. Uwar ta yi faɗa har ta gaji. Abin da ya sa Inuwa bai goyi bayan matarsa ba, kamar yadda ya gaya mini, shi ne daga ranar yarinyar ta fara tsare shi a bakin ƙofa da labari: yau Sukkar ya sha ruwa, yau idonsa ya yi fari zai yi saɓa. Rabi Larabci, rabi Hausa, da hannu da ka. Yana tsaye daga nesa yana sauraro, tsoro fal cikinsa, daɗi kuma ya fi tsoron yawa.

Da aka sa wa baƙi harajin zama da iyali, abin ya fi ƙarfinsa, kamar yadda ya fi ƙarfin da yawa daga cikinmu. Ya yi wa matar da 'yar bizar fita. A filin jirgin Sarki Khalid, Mahbuba, wadda ba ta fi shekara goma ba, ta riƙe masa hannun riga ta ce, "Baba, ka riƙe min Sukkar har in dawo. Amana." Ya ce to. Ya san da wuya ta dawo, amma wa zai faɗi haka a bakin ƙofar shiga jirgi?

Zaman namu bai fara da daɗi ba. Wata rana na buɗe firiza zan ɗauko kaza, na jawo wata leda, sai ga ɓeraye farare a jere, sun daskare. Ranar na yi masifar da har Bangalin da ke ɗakin kusa ya leƙo. Ashe abincin Sukkar ne. Washegari Inuwa ya je kasuwar Dira ya sayo 'yar ƙaramar firij ta hannu, ya ajiye a gefen katifarsa, ya ba ni haƙuri kamar shi ya halicci ɓera. Kunya ta kama ni, na daina.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan jingina waya a jikin gilashin ya kira gida. Mahbuba ta yi ta ba da umarni daga Gumel: a sauya ruwa, a rage hasken fitila, a duba ƙarƙashin ɓawon icen nan. Sai wata rana ta ce, "Baba, lazim ka riƙa ɗaukarsa. In ba a taɓa shi zai manta da mutane."

Nan fa aiki ya samu. Ya fara da safar hannu ta masu walda, da doguwar sanda mai lanƙwasa a baki. In macijin ya motsa sai ya saki komai ya ja da baya yana salati, ni da Tamimu muna kan katifa muna dariya har da hawaye. Daga baya ya ajiye sandar. Can kuma ya cire safa ɗaya. Mutumin da ya haura arba'in, gumi na zuba a gemunsa, yana koyon abin da duk jikinsa ya ƙi. Bai gaya wa Mahbuba ba, yana so sai ya iya tukuna ta gani da idonta.

A watannin nan kuwa kiran Juma'ar ya fara gajarta. An sa Mahbuba makaranta, ta yi ƙawaye cikin 'ya'yan baffanninta, Hausarta ta miƙe har da karin Gumel. Inuwa yana murna da hakan, yana faɗa mana. Amma ni na lura ta daina tambayar ruwan Sukkar, shi ne yake kawo zancen.

Juma'ar da ya shirya, ya sa farar jallabiyarsa, ya miƙo mini wayar ya ce in riƙe. Ya zura hannu tsirara ya ɗauko Sukkar, macijin ya nannaɗe masa a tsintsiyar hannu yana lasar iska. Na danna kira.

Mahbuba ta ɗauka tana tsakar gida, 'yan mata sun kewaye ta, ana yi mata kitso. Da suka hango abin da ke hannunsa sai ihu ya tashi, wata ta ce, "Wayyo, babanki gardi ne?" Aka fashe da dariya. Na ga yarinyar ta dubi wannan, ta dubi waccan, fuskarta ta sauya.

"Haba Baba, mene ne haka?" ta ce, da Hausa tsantsa, ba ko gargada. "Maciji ne fa. Don Allah ka yar da shi."

Ya ce, "To, Mahbuba." Suka gaisa da uwar, aka kashe waya. Ya daɗe tsaye a tsakiyar ɗaki, macijin yana hawa hannunsa a hankali. Ban taɓa jin tausayin namiji irin na ranar ba.

Bai yar ba. Da na ga mako ya zagayo yana narkar da ɓera a ruwan ɗumi kamar kullum, na kasa haƙuri na ce, "Inuwa, mai abu ta ce ka yar. Wahalar me kake yi kuma?"

Ya rufe murfin akwatin, ya duba ko ya kama sosai, sannan ya juyo.

"Ba ita ta ba ni ajiyar ba, Malam Kamilu," in ji shi. "Wadda ta ba ni, ita nake jira."