Jirgina da Ya Koma Komin Awaki

Jiya a garin Alelu na tarar da awaki suna shan ruwa a cikin jirgina. Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.

Zamanin da Alelu take cikin jihar Sakkwato na yi wa taubashina alkawarin ƙetarar masa da albasa gulbi. Na ari gatari da gizago, na sassaƙa jirgi. Ban san ana daidaita kaurin gefe da gefe ba. Muna sa shi a ruwa ya kife.

Ya ce, "Taubashi, wanga ba jirgi ba na, komi na. Awakina sun gode."

Takardun karatuna gara ta cinye, komin kuwa yana nan yana aiki.

Ku fa, wane kuskurenku ne har yau ake mora?