Hannun da na janye daga kwanon Habibu

Shekara tara ke nan da muka kai Habibu makwancinsa a Birmingham. Har yau hankalina bai kwanta ba.

Ni direban motar kaya ne, ban yi boko ba. Shi kuwa karatun lantarkin hasken rana ya kawo shi Manchester. Garinmu ɗaya, Yaya yake ce mini. Duk Asabar yakan taso daga unguwarsu Fallowfield a Manchester zuwa wurina a Small Heath ta Birmingham da ƙullin nama, mu ci tuwo a kwano ɗaya.

Sai gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Tallafin sola ya ragu, kamfaninsu ya rufe, ga takardar zamansa a kan aiki ta dogara. Wuri ɗaya ya samu: wata gonar inabi mai yin giya, tana son allunan sola a rufinta don sanyaya tankuna da rage kuɗin wuta da hayaƙi.

Sai da ya yi wata biyu a can ya faɗa mini, muna tsakiyar ci. Na janye hannu, na tashi na wanke.

"Haba Yaya, rufi nake hawa, ba kwalba nake ɗauka ba."

"Naman nan da kuɗin wa ka saye shi?"

Ya tashi ya tafi. Bai sake zuwa ba, ni ma ban kira ba. Kafin shekara ta zagayo ciwon zuciya ya ɗauke shi.

Bara tsadar wuta ta sa masallacinmu ya daina dumama ruwan alwala. Sai matar Habibu ta kawo wani zane daga akwatinsa: tsarin sola na rufin masallacin, ya yi shi a watannin da ba ma magana. A gonar nan ya koyi yadda ake karkata allo a ƙasar da rana ke rowa. Da zanen aka yi aikin, ruwan alwala ya koma ɗumi.

Da yana nan me zai ce? Na san shi. Leƙo ni zai yi ya ce, "Yaya, ruwan ya yi maka?"

Ra'ayina a kan giya bai canza ba, har gobe ba ta shiga motata. Amma da na bari mun gama tuwon nan, sannan mu yi faɗanmu.

Abin da ya bari ke nan: ruwan ɗumi. Duk azahar, hannun da na janye shi nake fara wankewa da shi.

Allah ya jiƙan Habibu.