Almu Mai Saran Durƙuso

Duk wanda ya zauna Fagada lokacin muna jihar Sakkwato ya san Almu, wani gajere mai bakin tsiya, wanda ba ya saran itace sai a durƙushe. Sana'arsa saro sandunan dogonyaro a gandun daji, ya kai wa manoman Aliero su kafa rumfunan albasa. Abokan aikinsa daga tsaye suke sara, su bar kututture iya ƙugu, don ba mai son ciwon baya. Shi kuwa sai ya kai gwiwa ƙasa, ya sare dab da gindi, a karkace, don kada ruwa ya kwanta a kai. Ana ta yi masa tsiya, wai gaisuwa yake kai wa itace.

Wata shekara aka kawo sabon malamin daji, Khalilu, yaro ɗanye da zafin kai. Ya shiga yankin Almu ya ga fili fetal, ya ce an kashe gandu, ya ƙwace gatari da takardar izini. Ni kam na ji haushi ƙwarai, don gatarin nan shi ke ciyar da mutum tara.

"Ranka shi daɗe," in ji Almu, "ba a yi ma icce shari'a da rani. Bari damana ta hita, in na yi ɓanna ka kai ni gaban alƙali a Jega."

Ruwa ya sauka. Dogayen kututturan nan suka yi toho a ka, cunkus, duk a karkace, iskar hadari ta ɓalle rabinsu. Na Almu kuwa daga gindi suka fito da ƙarfinsu. Da wuƙar matarsa Tabawa ya riƙa bi yana rage tohon, yana barin biyu ko uku a kowane gindi. Kafin kaka sun wuce kansa, a miƙe sambal.

Khalilu ya zo ya zagaya. Can ya miƙo gatari da takarda, ya ce, "Baba, nuna mini yadda kake yi."

"Mi za ni gwada maka kana tsaye? Durƙusa."

Malamin ya dubi laka, ya dubi mutane, ya durƙusa. Daga shekarar nan ba wanda aka ƙara ba izinin sara a gandun sai Almu ya ga ƙasa a gwiwarsa.