Dokar Yaya a Kan Ƙwarzane

Ciwon nan nawa ba ya sallama. Yakan zo ya zauna a ƙafa, ko a hannu, ko a ido, ya yi wata ɗaya ko fiye, sannan ya tattara ya tafi. In ya sauka a ƙafa sai in ji kamar aro na yi ta: ina ganinta, ina taka ƙasa da ita, amma ba ta gaya mini ko ƙasar da zafi ko da sanyi. Likitoci suna da wani dogon suna da suke kiransa da Turanci. Ni da na bar firamare a aji biyu, har malaminmu ya yi hamdala, ban taɓa iya riƙe sunan ba. A gidanmu ciwon jijiya muke cewa.

A shekarun tamanin, ina da ƙarfina, sana'ata ɗinkin hannu, aikin babbar riga. A zauren maƙwabcinmu muke zama a unguwarmu Limancin Kona, katanga ɗaya tsakaninsu da gidanmu, kowa da riga a cinya, allura na aiki, baki na aiki. Bakina ya fi allurata sauri, wannan kowa ya shaida, amma ba a taɓa dawo mini da aiki ba.

Wata safiya zan fita, na yi tuntuɓe da dokin ƙofa, farcen babban yatsana ya ɗaye. Na ɗaure da tsumma na tafi abina. Mako bai zagayo ba ƙafar ta mutu har gwiwa.

Yayata ce ta haɗa abu biyun. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma da mijinta ya rasu ta dawo gida, ta tarar na yi gemu da 'ya'ya, amma ba ta yarda na girma ba. Ta zauna bakin gadona tana kallon yatsan.

"Auta, wancan karon da idonka ya dushe, ba allura ce ta shige maka ƙarƙashin farce ba?"

"Yaya, kullum allura sai ta soke ni. Sana'ar ke nan."

"Na kafin wannan fa? Ba wanzami ya yanke ka a bayan kunne ba?"

Ban tuna ba. Ita ta tuna, har da rigar da ke jikina a ranar. Ta ce ciwon barci yake yi a cikin jiki, ganin jini ke tashinsa. Matata ta gyaɗa kai, don ba a taɓa jin ta saɓa wa Yaya ba. A wannan zaman aka kafa doka: daga yau ba abin da zai sake ƙwarzanata.

Da ƙafar ta dawo daidai na nemi kayan aikina, babu. An kwashe allurai da almakashi, an kulle a akwatin Yaya. An hana wanzami taɓa kaina. An hana yankan farce, sai dai a goge mini da dutse kamar akuyar da ake ji da ita. Kifi sai an cire ƙaya, rake sai an fere an yayyanka kamar na tsoho marar haƙori. Dokin ƙofar da ya jawo abin aka naɗe shi da buhu. Fita kuwa iyakata masallacin ƙofar gida, da safa da takalmi sau-ciki, a wannan zafin na bazara, don lungunmu akwai duwatsu da kekuna.

Na ɗauka abin na ɗan lokaci ne. Damina ta zo ta wuce ina tsakar gida. Gashina ya taru har hula ta ƙi zama. Abin da ya fi ci mini rai shi ne katangar nan. Ina zaune ƙarƙashin bishiyar lemo ina jin dariyar abokan aikina, ina jin ana ba da labarin da na fi kowa iya bayarwa, ana ɓata shi. Rigar da na ɗauko, mai zanen ɗinkin da ake kira aska takwas, na kai rabi, mai ita ya gaji ya aiko aka karɓa, aka miƙa wa wani a zauren. Wani lokaci babban abokina ya ɗaga murya yadda zan ji:

"Amarya, an fito kuwa? Ko har yanzu ana lalle?"

"Allah ya sa ka ɗinke rigar da wandonka!" in ji ni.

Su yi ta dariya, ni ma in yi, sannan in koma in zura wa kaji ido.

Da na ga zan rasa sana'ata ina ji ina gani, na ce bari in yi bincike irin na masu ilimi. Na tsinke ƙayar lemo na ja ta a cinyata, inda ba mai gani, har jini ya fito. Na zauna ina jira. Gaskiya na tsorata, kowace safiya sai na mintsini ƙafata in ji ko tana nan. Ba abin da ya faru. Da wurin ya warke na kira Yaya na nuna mata tabon, ina washe baki kamar wanda ya ci jarrabawa.

Ta yi salati. Washegari aka sare bishiyar lemon, na rasa har inuwar.

Ana nan, bayan ƙaramar salla, ba tuntuɓe ba ƙwarzane, na tashi na ga Yaya ta zama biyu, hannuna na dama kuma ya yi nauyi kamar an jiƙa shi. Duk da wahalar na ji wani daɗi a raina, na ce to ga shi, ya zo ba jini. Aka tuɓe mini riga, matata da Yaya suka bi jikina kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Ba su sami komai ba sai tsohon tabon cinya.

"Ga shi nan," in ji Yaya. "Jira ya yi."

A nan na gane ba ni da mafita. In na ji ciwo ya tashi, doka ta yi gaskiya. In ban ji ba ya tashi, akwai wanda na taɓa ji.

Ni da Yaya muka shiga tasi daga Ƙofar Doka zuwa asibiti. Bayan likita ya gama buga mini 'yar gudumarsa a gwiwa, na ce, "Likita, don Allah raba mu. Ɗan ƙaramin rauni yana ta da ciwon nan?"

Ya ce mutane da yawa suna yi masa wannan tambaya. Ya ce zazzaɓi da tsananin zafi sukan tsananta shi, wannan ya sha gani, amma na ƙaramin rauni ba shi da tabbaci. Da na ba shi labarin dokin ƙofa, sai ya tambaye ni, ranar da na yi tuntuɓen, ƙafar lafiyarta lau kafin in fita?

Na tuna da asubar ranar silifas ya yi ta suɓuce mini a hanyar masallaci, ina zagin mai takalmin.

"Ka gani," in ji shi. "Wataƙila ciwon ne ya riga ya taso, shi ya sa ƙafar ba ta ɗagu ba."

Na juya wajen Yaya. Ta gyara mayafi ta ce, "Likita, za ka rantse ba ya tayarwa?"

"Hajiya, ba zan rantse ba."

Daga duk maganar, wannan kaɗai ta ɗauko ta kawo gida.

Idon ya washe, hannun ya ƙi. Magani ya ƙare, rubutu an sha, hayaƙi an yi. Rannan da hantsi sai ga wanzaminmu a tsakar gida da zabirarsa. Yaya ce ta aika masa ya zo ya yi mini ƙaho, a zuƙe mataccen jini. Ya kalli kaina ya ce, "Malam, wannan dajin ai sai da gatari." Ya zaunar da ni, ya kafa ƙahonin a kafaɗa da bayan wuya, ya zuƙa, ya cire, ya fito da aska yana wasa ta a tafin hannu.

Na ce, "Yaya, me zai yi da wannan?"

"Tsaga mana."

"Tsaga ba yanka ba ne?"

"Wannan ai magani ne."

"To shi ciwon ya zai bambance? Wanzami zai yi masa bayani?"

Wanzami ya yi dariya har askar na rawa, na ce ya tsaya ya gama tukuna. Ya tsattsaga ni son ransa, jini ya fita baƙi ƙirin, wanda ya fi duk abin da allura ta ɗiba a jikina tun ina yaro. Yaya na tsaye tana kallo. Na ga bakinta na motsi kamar mai yin lissafi.

Ciwon bai ƙaru ba. Hannun ya ɗan saki a hankali, yadda ya saba. Ni kuwa na sami abin yi: safe da yamma in tuɓe kafaɗa in zauna inda za ta ga sawun askar. Ban ce uffan ba, abin da ya fi komai wuya a wurina.

Wata ranar Laraba bayan la'asar ta fito daga ɗakinta ta ajiye mini allura da zare da wani ƙyallen shadda a kan tabarma.

"Gwada a nan tukuna. Ban ce zaure ba."

Na ɗauki allurar. Ina ganinta tsakanin yatsuna, amma ban ji ta ba. Na yi ta neman kafar da zare, hannun na kaucewa, har Yaya ta karɓa ta zura mini. Na fara ɗinki. Layin ya tafi a karkace kamar hanyar tururuwa, na warware, na sake. Ina cikin yi na ga ja-ja a jikin farin ƙyallen, ɗigo nan, ɗigo can. Na juya hannuna, ashe na soke yatsana har wuri uku ban sani ba.

Na ɗaga kai, Yaya ma ta gani. Na jira a kwashe kaya a koma akwati. Ta miƙo hannu ta karɓi ƙyallen, ta je bakin randa ta wanke jinin da ruwan sanyi kafin ya kama, ta matse. Ta daɗe a tsaye can, ta ba ni baya. Sannan ta dawo ta shimfiɗa mini shi a cinya da danshinsa, ta sake zura zaren.